Anti Hadiza da tirelarta a hamadar Arizona

UMMI: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba sai na ja gabatarwa ba, don tun ranar Talata wayata ba ta huta ba saboda hoton da Anti Hadiza ta ɗora a sitatus. Kowa tambayarsa ɗaya: wai da gaske Anti ta zama direbar tirela?

NASIRU: Ni Hajiyarmu ce ma ta kira ni. Ta ce, "Nasiru, aikin asibitin ne ya ƙare a Amurkar, Hadiza ta koma dakon siminti?"

ANTI HADIZA: (dariya) Allah ya shirye ku. A gaya wa Hajiya ba irin ta Ɗangote ba ce. Ɗan ɗaki ne mai taya biyu, ka maƙala shi a bayan mota ka ja. Wadda na aro ma ƙarama ce, siffarta kamar ɗigon hawaye. Katifa ce kawai a ciki, in ka ɗaga murfin baya kuma ga risho ga wurin tukwane.

NASIRU: Wato akurki.

ANTI HADIZA: Akurkin gidanku. To, mu talatin da wani abu ne, mata zalla, kwana huɗu a bayan garin Quartzsite. Daga Phoenix inda nake tafiyar awa biyu ce, ka miƙe titin I-10 ka yi yamma. Garin da rani mutanensa ba su kai 3,000 ba, amma watan Janairu sai ka rantse Mina ce, ko'ina farin rufi. Filin na gwamnatin tarayya ne, kana iya yada zango kwana 14 ba ka biya sisi ba. Sai dai ba famfo, ba wuta, ba banɗaki.

UMMI: Tsaya Anti, ba banɗaki?

ANTI HADIZA: Bokiti da leda, Ummi. Kada ki sa na yi bayani, mutane na cin abinci.

NASIRU: Kin bar gida mai ruwan zafi kin je kina biyan kuɗin mai don ki yi abin da muke roƙon Allah ya raba mu da shi.

ANTI HADIZA: Haka maigidan ya ce. Amma bari ku ji ranar farko. Na isa da la'asar, aka nuna mini wurina tsakanin wasu tireloli biyu, aka ce in shiga da ribas. Ni da nake tuƙi shekara ashirin, na ce ai abin wasa ne. Na murza sitiyari hagu, abu ya tafi dama. Na murza dama, ya tafi hagu. Kafin ka ce kwabo mota da tirela sun naɗe kamar wuƙar aska, saura ƙiris in fasa fitilar baya. Ga mata zaune a kujeru da kofunan shayi suna kallo. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali, alhali sanyi ake yi.

NASIRU: Ina yaron mota? Ba mai cewa "zo, zo, zo, ya isa"?

ANTI HADIZA: Ai yaron motar ne ya zo, shekararta 74! Wata tsohuwa daga Oregon, ni dai Kaka na sa mata. Ta leƙo ta taga ta ce in sauke hannuna ƙasan sitiyari, in riƙe shi daga can ƙasa. Ta ce duk inda nake so gindin tirelar ya nufa, can zan kai hannuna. A hankali, kaɗan kaɗan, in ya fara karkacewa in yi gaba in miƙe in sake. Sau bakwai muka yi. Da na shiga, wallahi sai tafi ya ɓarke kamar na haihu.

UMMI: Da a nan ne da guɗa za a yi.

ANTI HADIZA: Ai na koya musu guɗa daren ƙarshe, kada ki so ki ji abin da ya fito. Kamar ana yanka zabi.

NASIRU: Ni fa yaron motar nan ya tsaya mini a rai. Ta sa miki waigi?

ANTI HADIZA: Ta sa! Na roba, rawaya, gaba da bayan taya.

NASIRU: To ta cika karen mota. Saura ta rataya a ƙofa tana buga bodi.

UMMI: "Kwatsayit! Kwatsayit! Saura mutum ɗaya!"

NASIRU: "Hajiya a matsa, kujerar ta mutum huɗu ce."

UMMI: "Ba canji, a shigo da canji."

NASIRU: In kaya ne kuma a ɗora a but, kuɗin kaya daban.

ANTI HADIZA: Kun gama? Ku bar ni in faɗi abin da ya sa na kawo ta. Da daddare muna bakin wuta take ba ni labari. Shekara arba'in mijinta ke jan tirelarsu, ita nata riƙe taswira da zuba masa kofi. Da ya rasu, tirelar ta yi shekara biyu a ƙofar gida, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. 'Ya'ya suka ce a sayar. Ta ce ranar da mai saye zai zo ta shiga ciki ta tarar da hularsa a rataye inda ya bari, sai ta kira mutumin ta ce ta fasa. Wasu mata ne a irin wannan taro suka koya mata haɗa ta da mota, da yadda ake gitta sarƙoƙin nan biyu a ƙarƙashi don ko ta ɓalle kada bakinta ya caki kwalta. Tun daga nan duk sabuwar da ta ga tana fama da ribas, ita ce farkon tashi.

UMMI: Allah sarki.

ANTI HADIZA: Kuma irinta suna da yawa. Wannan an sake ta, wannan ta gama jinyar kansa, wannan yara sun watse gida ya yi mata faɗi. Ba wanda ya zaunar da ke ya ce ba ni labarinki. Kina riƙe wa mace tocila tana duba batir, labarin zai fito da kansa. Akwai 'yan wata ƙungiya ma a cikinmu, Sisters on the Fly. Ya da ƙanwa ne suka kafa ta a 1999, Maurrie Sussman da Becky Clarke, daga zuwa kamun kifi a Montana. Kowace mamba da lambarta, wasu har a jikin tirela suke rubutawa, kuma tirelar ma suna ake raɗa mata. Tsofaffin tireloli suke nema, na shekarun 1950 da 1960, su gyara su yi musu fenti. Na ga Shasta mai ɗan fiffike a baya, na ga Airstream ta alminiyam tana ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Ciki kuwa jere, Ummi, jere sosai, labule da kwanuka kamar ɗakin amarya.

NASIRU: Dokarsu ce ta ba ni haushi. Wai ba maza.

ANTI HADIZA: Ba maza, ba yara, a yi wa juna kirki. Me ya yi maka zafi? Majalisarku ta bakin titi mace nawa ke zama?

NASIRU: Wannan daban.

UMMI: Kullum daban ne. Amma Anti, ni abin bai zo mini baƙo can can ba. Kakata ta wajen uwa Ba'abziniya ce daga Agadas, kuma a wurinsu tanti na mace ne. Ita ke zuwa da shi gidan aure, in aure ya mutu namiji ne ke fita.

ANTI HADIZA: Na gaya musu wannan, suka yi ta ihu wai a can ya kamata a haife su. Abin da ya bambanta, kuma shi ya tsaya mini, mu taronmu na mata kullum da dalili. Biki, suna, gaisuwa, adashe. Kin je ne don wani, kuma da aiki a hannunki. A can na tashi da asuba na yi salla, na zauna da shayi ina kallon duwatsu, na jira wani ya kira sunana ya ce ina kaza. Shiru. Sai da na ji wani iri, kamar na yi laifi.

UMMI: Sallar fa, ba su sa miki ido ba?

ANTI HADIZA: Butata ce ta ja hankali. Wata ta ɗauka ta ban ruwan fulawa ce, har tana tambaya wace shuka na zo da ita hamada. Alwala kuwa da ruwan jarka, ga sanyin asuba har ƙashi, na koyi tattali. Washegari sai ga kofin ruwan ɗumi a bakin ƙofata, Kaka ta ajiye ba ta ce komai ba. Kilishin da na kai kuma, sun ce ai irin busasshen naman da suke ci ne, sai da yajin ya kai musu...

NASIRU: Anti, an fara kiran magariba a nan.

UMMI: Kai, kuma ba mu taɓa tambayar da aka fi turowa ba, ta muharrami, da ko za a iya irin wannan a Yankari.

ANTI HADIZA: Wannan ai hira ce guda, da maganar hanya da tsaro. A bar shi sai mako mai zuwa, mu nemo malama.

NASIRU: Ni dai in za a je Yankarin a ɗauke ni yaron mota.

ANTI HADIZA: Ba maza, Nasiru.

NASIRU: Waigi kawai zan sa in koma.

UMMI: Jama'a sai mun haɗu. Anti, turo mini hoton Kakar nan.