Kubik Yadi Ɗaya: Yashi Nawa Ne a Ido?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan akwatin katako da na sa kafinta ya haɗa mana. Tsawonsa ƙafa 3, faɗinsa ƙafa 3, zurfinsa ma ƙafa 3. Idan babban mutum ya tsaya kusa da shi, bakin akwatin zai kai masa wajen ƙugu. Abin da ya cika shi daidai baki, ba tozo, shi ake kira kubik yadi ɗaya.

Yadi dai ba baƙonmu ba ne. Shi ne wanda mai shago a Taminus yake auna maka shadda da shi, ƙafa 3 ko inci 36. Sai dai yadin tela tsawo kawai yake aunawa. Yashi kuwa yana da tsawo, yana da faɗi, yana da zurfi, kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Mutum zai ce tunda yadi ƙafa 3 ne, to kubik yadi ma kubik ƙafa 3 ne. A'a. Ku ɗauko dunƙulen Maggi, ku jera uku-uku har layi uku, kun sami 9. Ku ɗora wani hawa a kai, ku ƙara na uku. Ku ƙirga: 27. Kubik yadi ɗaya kubik ƙafa 27 ne. Wannan lamba ku riƙe ta, duk sauran lissafin a kanta yake.

To bari mu kawo shi ga kayan da muke gani kullum. Akwatin nan yana cin lita 765. Jarkar mai ruwa ta lita 25, sai ka juye 30 da 'yan kai kafin ya cika. Duro mai lita 200, huɗu ba kaɗan. A wurin gini kuwa, inda birkiloli ke lissafin kwanon sarki biyu a buhun siminti ɗaya, huɗu a baro ɗaya, zai kama baro 11 ko kwanon sarki 44. Baro suna suka tara, wani ya fi wani ciki, saboda haka ka auna naka da jarka tukuna.

Nauyi fa? Busasshen yashi cikin akwatin nan ya kai tan ɗaya da kilo 200, kamar buhun shinkafa 24 ke nan mai kilo 50. Idan kankare ne, ya haura kilo 1,800. Don Allah kada a jibge irin wannan a wuri ɗaya bisa rufin kankare na bene (dakin) da bai gama ƙwari ba. Abin ƙarami ne a ido, amma nauyinsa ya fi na ƙaramar mota.

Mu a Jos wannan awo yana da tarihi da mu. Kamfanonin haƙar kuza na zamanin Turawa da shi suke lissafi: kuza laba nawa ake samu a kubik yadi ɗaya na ƙasa. Tafkunan nan da kuke gani a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, da wannan ma'auni aka ƙirga ƙasar da aka kwashe. Yau injiniya da kubik mita yake rubuta takardarsa, wato lita 1,000, jarka 40. Ya fi kubik yadi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Idan aka ce maka "kubik biyar", tambaya: na yadi ko na mita?

Yanzu ga inda kuɗi suke shiga. Ɗaki 12 da 12, za a zuba masa kankare mai kaurin inci 4. Ƙafa 12 sau 12, 144. Inci 4 sulusin ƙafa ne, ka raba uku, 48. Ka raba 48 da 27, ya kusa kubik yadi biyu. Ka mayar da kaurin inci 6, ya zama biyu da sulusi biyu. Inci biyu kacal ka ƙara, baro goma sun hau.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen yashi da "tifa ɗaya". Tifa mota ce, kowace da girman bayanta. Kafin a juye, ka hau da tef ɗinka, a baje tozon, ka auna. Tsawo ƙafa 12, faɗi 6, zurfin yashi 2: 144, raba 27, kubik yadi biyar da sulusi. Direba na gari ba zai hana ka ba.

Kuma ka lura da damina. Yashi mai danshi kumbura yake yi, yakan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, don ruwan yana raba tsakanin ƙwayoyinsa. Wanda aka kawo maka a Agusta, idan ya bushe, za ka ga tarin ya sauka. Jar ƙasar ciko ma haka, da an daɓe ta sai ta kwanta. Idan ciko za ka yi, ka ƙara wani abu a kan lissafinka tun kafin motar ta taso.