Gida a Kan Teku: Yadda Ake Rayuwa Cikin Jirgin Iska a Girka

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska da kuke gani tsayinsa bai wuce mita 11 ba, amma akwai waɗanda nan ne gidansu. Nan suke kwana, nan suke girki, nan suke wanki. Muna yammacin ƙasar Girka, a tekun Iyoniya da ke cikin Bahar Rum, kuma watan Yuli ne. Daidai lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa, a nan zafi ake yi, sai a shafe makonni ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

Abin da ke jawo masu jirage wannan gefen shi ne halin iskarsa. A gabashin Girka, wato tekun Ejiyan, akwai iskar arewa da ake kira meltemi. Cikin Yuli da Agusta takan yi kwanaki tana bugawa ba sassauci, har wani lokaci ta hana manyan jiragen fasinja tashi. Ta Iyoniya kuwa, wadda ake kira maistiro, tana da lokacinta. Da safe teku yana kwance luf. Bayan azahar sai ta taso daga arewa maso yamma, ta yi ƙarfi zuwa la'asar, rana na faɗuwa ta kwanta. Duk wanda ke zaune cikin jirgi a kan wannan yake tsara yininsa. Da hantsi a yi iyo, a shiga kwale-kwale a je gari a sayo burodi da tumatir da zaitun. Iska na motsawa a ɗaga anka, wato ƙarfen da ake saki ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a buɗe filafili, wato babban ƙyallen da iska ke bugawa ta tafi da jirgi.

Tambayar da aka fi yi ita ce, idan iska ta fito daga inda za ka fa? Jirgin iska ba ya iya fuskantar ta kai tsaye, amma yana iya karkacewa da kamar digiri 45 ya ci gaba da tafiya. Filafilin yana lanƙwasa kamar fiffiken jirgin sama, iskar da ke bi ta jikinsa tana jan sa gaba da gefe. A ƙarƙashin jirgin kuma akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ya nutse cikin ruwa, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin. Shi ke hana jirgin zamewa gefe, shi ke hana shi kifewa idan ya kishingiɗa. Sai matuƙi ya yi ta saƙa hanya, ya yi dama, ya juya hagu, har ya isa. Gudun ba wani mai yawa ba ne, kilomita 9 zuwa 11 a awa, mai keke ma zai wuce ka. Amma tsibiran suna kusa da juna. Daga Lafkada zuwa Meganisi, daga can zuwa Itaka ko Kefaloniya, tafiyar 'yan awoyi ce, kuma ƙasa ba ta ɓace maka da gani. A ganina babu lokacin da ya kai wanda ake kashe inji daɗi, ƙara ta ɗauke, ba ka jin komai sai ruwa yana shafar jikin jirgi.

Babban aikin yini yana zuwa da yamma, wajen neman makwanci. A ƙananan tashoshin Girka ba a jera jirgi a gicciye, don wurin ba zai isa ba. Ana sakin anka tun daga nesa, a riƙa ja da baya a hankali ana warware sarƙa, har bayan jirgin ya matso bakin tasha tsakanin wasu jirage biyu, a jefa igiya a ɗaure. Idan iska tana bugun gefe, a nan ake gane gwani. Wani lokaci da safe sai a tarar sarƙar wani ta hau kan ta wani, sai an haɗu an warware cikin haƙuri. Wanda ba ya son cunkoso yakan nemi lungun da duwatsu suka kare, ya saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, wani ya faɗa ruwa da igiya ya je ya ɗaura ta a jikin dutse. Sai dai a duba ƙasan ruwa tukuna. Inda aka ga fari, yashi ne, anka za ta kama. Inda aka ga duhu, sau da yawa ciyawar teku ce da ake kira fosidoniya, wadda kifaye ke hayayyafa a cikinta. Girmanta na da jinkiri ƙwarai, abin da anka ta tumɓuke cikin minti ɗaya sai ya ɗauki shekaru masu yawa bai dawo ba.

Mu shiga ciki. Ga murhun gas, an rataye shi yadda zai riƙa lilo don tukunya ta zauna daidai ko jirgi ya karkata. Ga gado a can ƙuryar gaba, ga ɗan banɗaki. Kowane kaya yana da ma'aji mai makulli, don abin da aka bari a sake zai faɗo. Ruwan sha yana cikin tanki, lita ɗari biyu zuwa ɗari huɗu a irin wannan jirgi, saboda haka da ruwan teku ake fara wanke kwanuka, a ɗauraye da mai daɗi kaɗan. Wanda ya taɓa sayen ruwa a wurin mai garuwa ya san wannan lissafin. Wuta kuwa daga sola take zuwa batir, kuma firji ne ya fi cinye ta. Rediyon jirgi kullum a kunne yake a tasha ta 16, wadda ta nan ake kiran agaji.

Kada kwanciyar tekun nan ta sa a saki jiki. A watan Satumba na 2020 guguwar da aka sa wa suna Iyanos ta afka wa Kefaloniya da Itaka da Zakintos, ta nutsar da jirage a cikin tashoshinsu. Shi ya sa mazaunin jirgi ba ya kwanciya sai ya duba hasashen yanayi, kuma ko cikin dare iska ta sauya, zai fito da tocila ya ga ko anka tana nan riƙe.

Idan Oktoba ta shigo, jirage sukan fara komawa arewa. Suna bi ta mashigin Lafkada, su jira gadar da ke kan ruwa ta juya ta ba su hanya, su nufi garin Firebeza, inda ake ɗaga su a jera a kan tudu har sanyi ya wuce. Wasu masu jiragen su koma ƙasashensu. Wasu kuwa ba su da wani gidan, sai su ɗaure a tasha, su kunna hita, su yi ta gyaran inji da ɗinkin filafili har watan Mayu.