Gidan tsofaffi na katako, hawa 10: to in gobara ta tashi fa?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani bene a unguwar Bella Vista, a birnin Sidni na Ostareliya, kamfanin Aveo ne ya gina shi wa mutanen da suka yi ritaya, an kammala a 2018. Hawa 10 ne, kuma yawancin jikinsa katako ne. Tun da na nuna shi tambaya ɗaya ake ta aiko min: haba, ya za a zuba dattawa a gidan katako, in wuta ta kama fa? Tambayar tana da kyau wallahi, duk wanda ya taɓa ganin yadda rumfunan kasuwa ke cinyewa cikin dare ɗaya dole gabansa ya faɗi.

A taƙaice dai tukuna, irin wannan gida ba wurin yar da iyaye ba ne kamar yadda wasunmu ke ɗauka, kowa da falonsa da kicin ɗinsa da makullinsa a hannu, sai dai akwai masu kula a kusa.

Katakon kuma sunansa CLT, wato allunan katako da aka manne sahu-sahu a gicciye. A Ostiriya da Jamus aka faro shi a shekarun 1990. Ga yadda ake yin sa. Ana busar da allunan, a jera sahun farko a tsaye, a shafa gam, sahu na biyu a gicciye, na uku a tsaye kuma, haka dai har 3 ko 5 ko 7, sai injin ya matse su su zama bango guda mai kauri. Tun a masana'anta ake yanke ƙofa da taga, mota ta kawo, injin ɗaga kaya ya ɗora, kafintoci su ɗaure da dogayen sukuru. 

To mu dawo kan wutar, don nan ne ake samun ruɗanin.

CLT yana ci da wuta. Eh, yana ci, duk wanda ya ce maka ba ya ci to bai faɗa maka gaskiya ba. Abin dubawa shi ne yadda yake cin. Tuna murhun gidanku, in aka sa ƙirare nan da nan sun zama toka, amma babban gungumen da aka tura tun da yamma, da safe in ka fasa shi bayansa ya yi baƙi ƙirin cikinsa kuwa itace ne lafiyayye. Me ya faru? In zafi ya kai wajen digiri 300 fatar itacen tana komawa gawayi, shi kuma gawayin nan sai ya zama kamar bargo, yana tare zafi yana hana iska shiga ciki, sai wutar ta koma tafiyar hawainiya. An auna tafiyar ma: kusan milimita 0.65 a minti ɗaya, wato a awa guda abin da za ta ci bai wuce santimita 4 ba.

Ga yadda guntun da aka ciro daga gwajin wuta yake. Baƙi a waje. Sai layin da wutar ta tsaya. Daga nan zuwa ciki fari tas.

Saboda an san lissafin, injiniya sai ya ƙara kaurin bangon da gangan, ya ce wannan ɓangaren na wuta ne ta ci, wanda ya rage a ciki shi zai riƙe ginin har awa ɗaya ko fiye. Ƙarfe ba ya kamawa, gaskiya ne, amma in zafi ya kai wajen digiri 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, sai ya fara lanƙwashewa. Ni abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne lokacin. Matashi zai sauko daga hawa na 8 a guje, amma dattijuwa mai dogara sanda, ko baba da ke kan keken guragu sai an zo an tura shi, su mintuna suke buƙata, kuma gini ne da aka san minti nawa zai tsaya.

Akwai wani wuri da dole in faɗa. Gam ɗin. In ba mai jure zafi ba ne, da gawayin ya iso layin gam sai sahun ya ɓanɓare ya faɗo, sabon itace ya bayyana, wuta ta samu abinci. Shi ya sa a Amurka da Kanada aka tsaurara ƙa'idar gam ɗin a 2018, kuma a irin waɗannan gidaje ana rufe bango da yawa da allon jifsum, wato allon filasta mai jure wuta, ga bututun feshin ruwa a silin.

Me ya sa ma ake wahalar gini da katako? Siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, itace kuwa zuƙe ta yake yi yana girma, ta zauna a cikin bangon, matuƙar dai ana sake shuka abin da aka sare. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na kankare ne, don haka harsashi ba ya cin kuɗi sosai, aiki na sauri, ba ƙura ba ƙara mai yawa, wanda tsofaffin da ke makwabtaka ba ƙaramin jin daɗinsa suke ba.

In kuna neman abin da magina suka fi tsoro a CLT, ruwa ne. Rufi ya yi yoyo ba a lura ba, katako ya jiƙe ya fara ruɓewa a ɓoye. Sai kuma gara, don Ostareliya ma tana da ita sosai, shi ya sa za ku ga hawan ƙasa kankare ne, katakon daga samansa yake farawa, ba ya taɓa ƙasa.