Daga gindin jirgi zuwa birnin Rum: wace mota za ka shiga?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau mun wayi gari a Italiya, a tashar jiragen ruwa ta Civitavecchia. Bari in juya muku kyamara ku gani da idonku. A takardar da aka ba mu a jirgi an rubuta cewa yau ranar birnin Rum ce. To ku duba da kyau, ina birnin? Kwantenoni ne jibge, ga manyan motocin dakon kaya, ga wani jirgin da ke lodin motoci zai tafi tsibirin Sardiniya. Daga nan zuwa Rum akwai tafiyar wajen kilomita 80. Abin da ya sa na ce yau sai mun yi maganar motocin jigila ke nan, waɗannan bas-bas da ke kwasar mutane daga gindin jirgi su fitar da su. Da yawa cikinku kun tambaye ni kuɗin ɗaki da abinci a irin wannan jirgi na yawon shaƙatawa, amma ban ga wanda ya tambayi wannan ba, alhali ita ce ke gyara wa mutum yini ko ta ɓata masa.

Ina tare da Hajiyarmu, ga ta nan ta shirya tun asuba. Hajiya, a gaishe su mana. Ta ce tana gaishe ku. Tana fama da ciwon gwiwa, shi ya sa duk inda muka sauka nake fara neman mota kafin komai.

Ga mu mun sauko. Sun duba katinmu na jirgi a bakin ƙofa, wannan katin shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka, kada ka yarda ya bar jikinka. Kun ga wancan layin? Na motar tashar ne, kuma kyauta ce. Wani zai ce me zai hana in taka da ƙafa? A wasu wuraren ana bari, amma a tasha irin wannan ba ko'ina ake barin mai ƙafa ya bi ba. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka tsaurara tsaro a tashoshin jiragen ruwa na duniya, dokar ta fara aiki a watan Yulin 2004. Ban da haka ma, wuri ne na aiki, tireloli na ta kai da komo, kuma dakalin da jirgi ke tsayawa dogo ne ƙwarai. Jirgin nan kaɗai tsawonsa ya haura mita 300. Kafin ka wuce shi, ka wuce na gabansa, ka kai ƙofar fita, ka gaji tun ba a fara yawon ba.

Sannu Hajiya, riƙe nan, taka a hankali. Yauwa.

Tunda mun samu wurin zama, bari in faɗa muku abin da na lura da shi. Ba duk motar da ke tsaye a gindin jirgi ba ce iri ɗaya, ko da fentinsu ya yi kama. Akwai ta hukumar tasha, irin wannan da muke ciki, aikinta ta fitar da kai bakin ƙofa kawai. Akwai ta gari, mai ɗan kuɗi kaɗan. Akwai kuma wadda kamfanin jirgi ya ɗauko haya, ita ce mai tsada, kuma ita ce kullum ake yi maka tallarta. Da daddare za a turo maka takarda a ɗaki, a ce ka sayi tikiti tun yanzu kada kujeru su ƙare. Ta kyautar kuwa ba kasafai ake ambatonta ba. Wannan abu yana damuna gaskiya, domin na ga iyali mai mutum biyar sun biya kuɗin da zai ishe su abincin rana a gari, a kan tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Ba na cewa motar kamfani ba ta da amfani. Idan kana tare da tsoho ko mai keken guragu ko ƙananan yara, sau da yawa ita ce mafi sauƙi, kuma ni ma saboda Hajiya nakan biya. Amma a gaya wa mutum duka zaɓin da yake da shi, sai ya zaɓa da saninsa.

Da muka tsaya a Basalona ta ƙasar Sifaniya, tsarin can ya burge ni. Manyan jirage suna tsayawa a wani dogon dakali da ake kira Moll Adossat, sai an haye wata babbar gada kafin a shigo gari. Akwai bas mai shuɗin fenti da ke zagaya duk wuraren saukar fasinja, ya kai ka kusa da gunkin Kolumbus, wanda aka gina a 1888, daidai ƙarshen titin La Rambla. Yuro 3 muka biya zuwa, in da dawowa ne Yuro 4.50, a cikin motar ake biya. Kana sauka ka riga ka shiga tsakiyar gari, ga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Drassanes kusa, ga unguwar Raval inda 'yan Pakistan da 'yan Maroko ke da shagunan abincin halal. Sai dai ka riƙe jakarka ta gaba, masu yankan aljihu sun san inda baƙi ke sauka. Na ga matasa suna hawa gadar da ƙafa, rana na dukansu, suna jan akwati. Ana iya yi, amma da zafin bazara ban ba kowa shawara ba.

Marseille ta ƙasar Faransa kuma daban. Can jirgi na tsayawa nesa da tsohuwar tashar gari, wajen kilomita 8. Akwai wani koren layi da aka shafa a ƙasa, in ka bi shi da ƙafa zai kai ka wajen ƙofa ta 4. A nan ake samun motar kyauta zuwa unguwar Joliette, amma ba kullum take aiki ba, sai ka tambaya tun a jirgi. In babu ita akwai bas ɗin gari. Tafiyar ƙafar nan ta yi wa Hajiya yawa, ranar motar kamfani muka shiga.

To ga shi mun iso. Wannan filin sunansa Largo della Pace, nan motar kyauta ke sauke kowa. Ku riƙe sunan nan, ku ma ɗauki hoton allon da wayarku, domin da yamma nan za ku dawo. Abu na farko da nake yi da na sauka shi ne in tambayi direba ko mai rigar aiki, mota ta ƙarshe ƙarfe nawa za ta tashi, kuma daga ina. Ba sai ka iya Italiyanci ba. Nuna masa katin jirginka, ka nuna agogo, zai gane. Na tambaya, na rubuta a bayan tikiti.

Kun ga mutanen nan masu riƙe da alluna? Masu tasi ne da masu ƙananan bas, suna kiran Rum, Rum. Wurin sai ya tuna mini da tashar mota a gida, har da 'yan kamasho, kowa na jan hannunka. Mota sai ta cika take tashi, kuma ka tabbatar an yi ciniki a kan zuwa da dawowa kafin ka shiga. Mu jirgin ƙasa za mu bi. Daga nan zuwa tasharsa tafiyar minti 20 ce da ƙafa ta bakin teku, ko a shiga bas ɗin gari. Akwai ma wata motar kuɗi da ke ɗauka tun daga gindin jirgi zuwa tashar jirgin ƙasa kai tsaye. Wancan ginin dutsen da kuke hangowa ganuwa ce da ake kira Forte Michelangelo, an fara gina ta a 1508. Ita kanta tashar jiragen ruwan, sarkin Rumawa Tarajan ne ya gina ta a farkon ƙarni na 2. Kusan shekara 1,900 ke nan masu zuwa Rum ta ruwa suna sauka a nan su ƙarasa ta ƙasa. Yanzu fasinjojin jiragen shaƙatawa da ke bi ta nan a shekara sun haura miliyan 3.

Mun sayi tikiti, bai kai Yuro 5 ba mutum ɗaya. Ku dubi wannan ƙaramar na'ura da ke jikin bango. In tikitinka na takarda ne, sai ka zura shi ta buga masa kwanan wata da lokaci kafin ka hau. Ji ƙarar, ta buga. In ba ka yi haka ba, mai duba tikiti zai ci ka tara, kuma ba ya jin cewa kai baƙo ne. Hajiya, kawo naki in buga miki.

Yanzu muna cikin jirgin ƙasa, bari mu yi lissafin da ya fi komai muhimmanci a yau. Jirginmu na ruwa zai tashi ƙarfe 7:00 na yamma, an ce kowa ya kasance ciki ƙarfe 6:30. Kada ka ɗauki 6:30 ɗin nan a matsayin lokacinka. Daga baya ake yin lissafin. Motar jigila da layinta da binciken jaka a bakin jirgi, ba su minti 45. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin Largo della Pace, rabin sa'a. Jirgin ƙasa daga Termini, babbar tashar Rum, sa'a ɗaya da minti 20. Ka ga tun wajen ƙarfe 4:00 ya kamata a ce kana hanya. Ni kuwa nakan ƙara jirgin ƙasa ɗaya a kai, wato in hau wanda ke gaban wanda lissafi ya ba ni, ta yadda in ya makara ko an soke shi akwai na baya. Italiya ƙasa ce da ake yawan yajin aikin sufuri, ana sanarwa tun da wuri, sai ka duba a intanet tun ana gobe za ka fita.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya fita da kansa. In yawon da kamfani ya shirya ka bi, motarsu ta makara, za su jira. In kai ka fita, ka makara, za a ɗaga tsani a tafi, sai ka nemi hanyar da za ka tarar da su a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka. Ga mai fasfo na Najeriya ko Nijar abin ya fi tsanani, domin in tasha ta gaba tana wajen ƙasashen Shengen ne, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kamar Tunis ko Turkiyya, maganar biza ta shigo. Tun wajen neman biza ma, in tafiyarku za ta fita Shengen ta dawo, mai shiga sau da yawa za ku nema. A takardar shirin yini da ake rabawa akwai lambar wakilin jirgi na wannan tasha, ku ɗauki hotonta kafin ku fita. Ku kuma tabbatar agogonku ya yi daidai da na jirgi, don wani lokaci waya takan canja da kanta.

Za mu sauka a tashar San Pietro, ta fi kusa, wajen sa'a ɗaya ke nan, kuma daga nan fadar Batikan ba nisa. Masu son ganin Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, su ci gaba zuwa Ostiense ko Termini. Sai dai in ta Termini za ku dawo, ku sani jiragen Civitavecchia yawanci can ƙarshen tasha suke tsayawa, layi na 25 zuwa 29, tafiyar kusan minti 10 daga babban zaure. Mutane da yawa a nan jirgi ke wuce su, suna cikin tasha amma ba su kai gare shi ba. Yawon cikin Rum bidiyonsa daban zan saka muku.

To jama'a, ga mu mun dawo Largo della Pace, ƙarfe 5:00 da 'yan mintoci. Mun yi sallolinmu na ƙasaru a gari, mun ci abinci, Hajiya ta sayi tsarabar jikoki. Ku dubi layin yanzu. Jirage da dama ne a tashar yau, babba ɗaya yakan ɗauki mutum 5,000 ko fiye, bas ɗaya kuwa kujerunsa wajen 50 ne, kuma kowa a sa'a ɗaya yake son komawa. A nan ake rikicewa. Kowace mota da sunan jirgi ko lambar dakali a gilashin gaba, ka karanta kafin ka hau. Yanzun nan wata baiwar Allah ta shiga motar wani jirgin, sai da direba ya ga katinta ya sauke ta. In kana da tsoho, ka je gaba ka yi wa mai tsara layi magana cikin ladabi. Na yi haka, ya dubi sandar Hajiya, ya buɗe mana igiya, ya ba ta kujerar gaba. Hajiya ta ce Allah ya yi masa albarka, ya dafa ƙirji ya yi murmushi. Ku zo da ruwan sha da laima ko hula, domin inuwa ba ta wadatar masu layi ba.

Gobe in Allah ya kai mu Napoli za mu tsaya. Can babu ruwanka da motar jigila, jirgi na tsayawa ne a tsakiyar gari, kana fita ƙofa ka tsallaka titi ga ganuwar Castel Nuovo a gabanka. Hajiya ta ce ita goben za ta huta a jirgi, ni zan fita da ku tun da safe. Sai mun haɗu, Allah ya ba mu alheri.