Kayan motsa jiki a makaranta: ina kuɗin, kuma me za a fara saya?

Aji mai ɗalibai 60, ƙwallo ɗaya tal. Yara 22 suna cikin fili, sauran 38 suna zaune a gindin darbejiya suna jiran a kaɗa ƙararrawa. Kafin a tafi neman kuɗi, daga nan lissafi ke farawa: yara nawa ne za su motsa a lokaci guda?

A ba kowane yara goma ƙwallo ɗaya, shida ke nan. Tunda azuzuwa bi da bi suke fita, shidan nan sun ishi makaranta. Ƙwallo mai girman lamba 4 ga 'yan firamare, lamba 5 ga 'yan sakandare. A ƙara igiyar tsallake 20, famfo biyu da allurarsu, usur, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Layin fili kuwa toka ta wadatar.

To, ina kuɗin? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta karɓar tallafin haɗin gwiwa sai ta zuba nata kason. Shugaban makaranta yana rubuta buƙata ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. A rubuta, amma kada a zauna jira, domin azuzuwa da kujeru ne ke gaba a layi.

Hanya mafi kusa ita ce kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), da ƙungiyar iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai. Kada a ce musu "a taimaka wa wasanni". A je da takarda: kaya kaza, guda kaza, farashi daga shaguna uku. Ɗan kasuwa ya fi saurin sayen ƙwallo biyu da hannunsa fiye da ya miƙa tsabar kuɗi, kuma yana da gaskiya. Ranar gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai ma, a roƙi iyayen gidaje, wato masu ɗaukar nauyinsu, kaya. Jesi da kofi su kan cinye kuɗin, alhali yaran da ke saka jesin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

A ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka samu don gyara, saboda kaya ba sa jimawa. Tsidau yana huda ƙwallo, don haka a share fili kafin a fara. Allura busasshiya tana yaga bakin ƙwallo, a jiƙa ta tukuna. Ƙwallon da aka bari a rana fatarsa tsagewa take yi, musamman da hunturu. Tabarma a ƙasa, rabon gara ce.

Turakun raga kuwa, mai walda na unguwa zai haɗa su da bututun ƙarfe cikin rahusa. Sai dai a kafa su da siminti. Yara suna lilo a jikinsu, kuma wanda ba a kafa ba yana iya kifewa a kan yaro.