Jirgin Sama a Gareji: Ƙarin da Ake Biya da Dala, a Kuma Biya da Kilo

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan akwatin katako da kuke gani a bidiyon nan, wanda mota ta sauke a ƙofar gareji, wutsiyar jirgin sama ce a cikinsa. Ba a haɗe take ba. Fallayen alminiyom ne, da ledoji cike da ƙananan ƙusoshi da ake kira ribet, sai littafin zane mai kauri. Haka kamfanin Van's Aircraft da ke garin Aurora a jihar Oregon ta Amurka yake sayar da jiragensa, gunduwa-gunduwa. Ka fara da wutsiya, in ka gama ka aika a kawo maka fukafukai, daga nan gangar jiki, sai kayan ƙarasawa. Richard VanGrunsven ne ya kafa kamfanin a farkon shekarun 1970, kuma zuwa yau jiragensa da ake kira RV fiye da 11,000 sun tashi sama, akasarinsu a gareji ko rumfar ajiye jirgi aka haɗa su.

Kada ku ce abin na can nesa ne. Jirgin Air Beetle da rundunar sojojin saman Najeriya ta koyar da matuƙa da shi, asalinsa RV-6A ne na wannan kamfani. A gunduwa aka kawo shi, kimanin guda 60, aka haɗa a Kaduna.

A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta yarda mutum ya ƙera jirginsa ya tashi da shi, da sharaɗin mafi yawan aikin, wato abin da ya haura rabi, hannun masu sha'awa ne ya yi shi, don neman ilimi ko nishaɗi. Shi ya sa suke ce mata dokar kashi 51. Kuma da yake jirgin yana cikin rukunin jiragen gwaji, mai shi yana da 'yancin da mai jirgin masana'anta ba shi da shi. Injin da ya ga dama zai sa. Na'urorin da ya ga dama zai jera a gabansa. To a cikin wannan 'yanci ne aljihu yake ƙonewa.

Domin kuwa akwatunan nan ba su zo da inji ba. Babu farfela, babu na'urorin tuƙi, babu fenti. Tsofaffin hannu a harkar suna da wani lissafin ka da suke ba sabon shiga: gangar jirgi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, inji da farfela wani kashi ɗayan, na'urori da kujeru da fenti su cinye ragowar. Ba ƙa'ida ba ce, amma tana nuna maka cewa ranar da ka biya kuɗin kamfani, ko rabin hanya ba ka kai ba.

Mu ɗauki RV-7 mai kujera biyu a matsayin misali, mu fara da inji, tunda a nan ne ido ya fi rufewa.

Kamfanin Lycoming yana da O-320 mai ƙarfin doki 160, yana da O-360 mai doki 180, yana kuma da wani samfurin IO-360 mai doki 200. Duk suna shiga hancin wannan jirgi. Kowa ka tambaya, zuciyarsa tana kan babban. Amma ku tsaya mu yi lissafi. Iska ba ta sayar da gudu da araha. Idan kana son ninka gudun jirgi, ƙarfin da za ka buƙata ninki takwas ne. Ka juya lissafin: daga doki 160 zuwa 180 ƙari ne na kashi 12 da rabi cikin ɗari, amma abin da zai ƙaru a gudu bai wuce kashi 4 ba. Jirgin da ke cin mil 190 a awa zai koma kusan 198. A tafiyar awa biyu, minti biyar ka tsira da su. Minti biyar!

Amma fa in za a yi adalci, ba a gudu babban inji yake nuna kansa ba. A hawa ne. Duk dokin da ya yi rara bayan wanda ke riƙe jirgi a sama, shi ne yake cilla shi sama. Wanda filin jirginsa gajere ne, ko yake zaune a tsaunukan Kolorado inda iska ba ta da kauri, ko yake tashi da tsakar rana cikin zafi, wannan doki 20 zai iya zama abin da zai tsallakar da shi bishiyoyin ƙarshen fili. Shi kam kuɗinsa bai tafi a banza ba. Wanda kuwa dogon titin kwalta yake tashi a kai a bakin teku, gaskiya kwalliya ya saya. Shi kuma mai doki 200, ban da tsada, ya fi ɗan'uwansa mai 180 nauyi da fiye da kilo 10, kuma duk a kan hanci suke.

Akwai masu cewa, to me zai hana a sa injin mota, Subaru ko Volkswagen, tunda ya fi araha? Ana yi, wasu ma sun yi nasara. Sai dai injin mota na zamani yana ba da ƙarfinsa ne idan yana juyi da sauri sosai, farfela kuwa ba ta son wuce wajen juyi 2,700 a minti. Dole a sa giya a tsakani ta rage saurin. Dole a nemo wa lagireto mazauni, a ja masa bututun ruwa. Kafin ka ankara, rarar da ka yi murna da ita ta tafi wajen gwaji da gyara, kai kuma ka zama injiniyan da ke binciken abin da babu littafinsa.

Farfela ma iri biyu ce. Akwai mai tsayayyen fiffike, kamar keke mai giya ɗaya: araha, sauƙi, ba abin lalacewa. Akwai kuma mai murɗa fiffikenta tana cikin juyi, irin wadda kamfanin Hartzell yake yi, ta ba ka ƙarfi wajen tashi, ta ba ka sauƙin mai a sama. Wannan ta ninka waccan kuɗi, ta fi ta nauyi, tana buƙatar na'urar da ke sarrafa ta da matsin bakin mai. Ga kuma inda mutane suke faɗawa: sai injin da karanshaf ɗinsa, wato sandar da ke juya farfela, yake da rami a ciki, inda mai zai bi, shi ne zai iya aiki da ita. Ke nan tun ranar da kake cike takardar odar inji ya kamata ka san farfelar da kake so, ko da sai bayan shekara biyu za ka saye ta.

Yanzu ku dubi wannan sikeli, don shi ne alƙalin duk wannan magana.

RV-7 iyakar nauyin da aka tsara masa idan ya cika shi ne fam 1,800, kimanin kilo 816. Idan an haɗa shi ba tare da almubazzaranci ba, fanko yana kaiwa wajen kilo 500. Tankunansa suna cin galan 42, wato kusan kilo 114 na mai. Me ya rage? Kimanin kilo 200. A cikinsu ne kai da abokin tafiyarka da jakunkunanku za ku shiga. Yanzu ka ƙara babban inji, ka ƙara farfelar ƙarfe mai murɗawa, ka sa batir na biyu, ka shimfiɗa kafet mai kauri da kujerun fata, ka lafta fenti kala uku wanda shi kaɗai zai iya kai kilo 10. Kowanne in ka ɗaga shi a hannu sai ka ce ai wannan ba komai ba ne. Da ɗaya-ɗaya ake cika rumbu. Rana ɗaya za ka tarar kilo 40 sun tafi, sai ka zaɓa: ko ka rage mai, ko maiɗakinka ta rage kaya. Kuma nauyin nan ba sau ɗaya ake biyan sa ba. Duk tashi, duk sauka, muddin jirgin yana raye, yana ɗauke da shi.

Ba yawan kilo kaɗai ba, har da inda suka zauna. Hanci ya yi nauyi, jirgi ya ƙi ɗaga kai wajen sauka. Baya ya yi nauyi, wannan ya ma fi haɗari. Shi ya sa za ka ga wani ya mayar da batir bayan kujera don ya rama abin da farfela ta ƙara a gaba.

Sai allon na'urori. A nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye: kada ka saye su da wuri. Haɗa jirgi irin wannan yana cin awa 1,500 zuwa 2,000, ga mai aikin yi kuwa shekaru ne. Allon Garmin G3X ko Dynon SkyView da ka saya yau ka ajiye a kwali, kafin jirgin ya tashi garantinsa ya ƙare, wani sabo ya fito. Sannan ka tambayi kanka, a cikin gajimare zan riƙa tuƙi? Idan a'a, to na'urar nuna hanya mai lasisin tuƙi cikin gajimare, wadda ita kaɗai za ta iya haura dala dubu goma, ba taka ba ce. Ka bar mata gurbi, ka ja mata wayoyi tun jirgi yana buɗe, don jan waya bayan an rufe komai aiki ne na kwanciya rigingine ƙafa a sama. Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake, wadda Amurka ta wajabta a sararin da ke da cunkoso tun 1 ga Janairu, 2020.

Wasu zaɓuɓɓukan kuwa dandano ne kawai. Murfin gilashi mai zamewa baya ko mai ɗagawa sama. Ƙaramar taya a wutsiya ko a hanci, wanda shi ne bambancin RV-7 da RV-7A, duk da dai kamfanonin inshora sukan tsawwala wa sabon matuƙi mai tayar wutsiya. Ko a shafa wa cikin jirgi maganin tsatsa ko kar a shafa: wannan gardama ta kai har maƙeran da kansu suna kiran ta yaƙi, kuma ba ni zan raba ta ba.

Amma sauya abin da ke cikin zane, wannan wata magana ce daban. Ranar 12 ga Oktoba, 1997, mawaƙin nan na Amurka John Denver ya rasu lokacin da jirginsa ya faɗa teku a gaɓar Monterey da ke Kalifoniya. Jirgin Long-EZ ne, zanen Burt Rutan, kuma wani ne ya haɗa shi, Denver saye ya yi. A zanen asali, hannun da ake murɗawa don sauya tankin mai yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa jirgin sai ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, da kyakkyawar niyya, don ya nisanta bututun mai daga inda mutum yake zaune. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano cewa sai matuƙi ya juya jikinsa sosai kafin ya kai ga hannun, kuma a wannan juyi ƙafarsa kan danne abin karkatar da jirgi. Ba inji aka sauya ba, ba fiffike ba. Wurin zaman hannu guda ne kawai. Saboda irin haka ne ƙungiyar EAA ta masu haɗa jirgi da kansu, mai shirya babban taron jirage na garin Oshkosh a jihar Wisconsin kowane Yuli, take da ƙwararru 'yan sa-kai da ke zuwa gareji su duba aikin mutum. Duk abin da ya shafi hanyar mai, ko igiyoyin tuƙi, ko ƙashin fiffike, a nuna musu kafin a huda.

Farashin ma ba ya jiran kowa. A Disambar 2023 kamfanin Van's da kansa ya nemi kariyar kotu saboda matsin kuɗi, ya kuma ƙara farashin kayansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, har ga waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami. Ya farfaɗo a 2024, amma wanda ya ƙure kasafinsa a kan kujerun fata tun bai karɓi fukafukai ba, ya ji a jikinsa.

Ga shi nan dai an turo jirgin, an ɗora kowace taya a kan sikelinta, tankuna fanko. Lambobi uku za a haɗa, a rubuta a takardar da za ta bi jirgin har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan mai duba jirgi ya zo ya sa hannu, a ware wa mai shi wani yanki na sama inda zai yi gwaji ba tare da fasinja ba, yawanci awa 40, ko 25 idan injin da farfelar duka masu lasisi ne a haɗe. A bidiyo na gaba za mu shiga cikin waɗannan awanni, mu ga abin da ake gwadawa a tashin farko. Sai mun haɗu.