Shiga Hamada Don Buɗe Ido: Ruwa, Taya da Jagora

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan zama.

Duk wanda ya ce zai je kallon hamada, tambayar farko da za a yi masa ita ce wace hamada, kuma a wane wata. Hamadar ba ɗaya ba ce. Sahara ta kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 9, amma rairayi ƙaramin kashi ne nata. Mafi yawanta tsakuwa ce da duwatsu da fili fetal. Lokacin shigarta daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Wanda ya nufi hamadar Namib ta ƙasar Namibiya kuwa, sanyinsu daga Mayu yake zuwa Satumba, don suna kudu da tsakiyar duniya. Kuskuren zaɓen lokaci kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum kuɗinsa.

Mu fara da ta kusa da mu. Agadas ita ce ƙofar duwatsun Abzin da hamadar Tenere, kuma Bahaushe ba ya neman tafinta a kasuwarta. Hasumiyar babban masallacinta ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, kuma a 2013 UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A arewa, kusa da hanyar Arlit, akwai Dabous, inda mutanen da suka shuɗe dubban shekaru suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Cikin duwatsun Abzin ga Timia da lambunan lemu da rumman. Gabas kuma sai Tenere, hanyar ayarin da ke zuwa Fachi da Bilma ya ɗauko gishirin kantu da dabino, wanda kakanninmu suka sani a kasuwar Kano. Bishiyar nan tilo ta Tenere wani direban babbar mota ya kaɗe ta a 1973. Gangarta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Amma ku ji da kyau: saboda halin tsaro, ba a shiga wannan yanki sai da izinin hukuma, sau da yawa har da rakiyar soja. Idan aka ce hanya a rufe take, to a rufe take. Mai son ganin tudun rairayi cikin sauƙi yana iya zuwa Merzouga a Maroko, inda kwalta ke kai mutum har gindin tudun da ya kusa mita 150.

Yanzu maganar da ta fi kowace, wato ruwa. Ko a lokacin sanyi, ku lissafa wa kowane mutum lita 6 na sha a rana. Mutum huɗu, kwana biyar, lita 120 ke nan. Ku ƙara lita 10 kowace rana don girki da lagireto, 50 ke nan. Sannan ku ɗora tanadin kwana uku da ba a taɓawa sai mota ta lalace, lita 72. Kun ga an tashi kusan lita 240, jarka goma sha biyu mai cin lita 20, nauyin kilo 240 a kan mota tun ba a ɗora mai ba. Kada a zuba shi a tanki guda. Tankin da ya tsage ya tafi da ruwan duka, jarkar da ta fashe kuwa lita 20 kawai aka yi asara. Kada kuma a saka rijiya cikin lissafi, don ana iya tarar da ita ta ƙafe ko rairayi ya binne ta.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne iskar wurin busasshiya ce, gumi na bushewa tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya ɗauka ba ya zufa. Ma'aunin shi ne fitsari: idan ya yi kaɗan ya kuma yi duhu, an riga an makara da sha. Wanda jiri da ciwon kai suka kama, a kwantar da shi a inuwa, a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin ruwa lita ɗaya, ya riƙa kurɓa. Idan ya fara sambatu jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, a nemi agaji nan take.

Sai mota. Ba a shiga da mota ɗaya, ko da Land Cruiser ce sabuwa fil. Biyu ne mafi ƙaranci, kowace mai jan taya huɗu, da tayar safaya biyu, shebur, faranti na ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya, igiyar ja, da famfon iska. Kafin a shiga rairayi mai laushi a rage iskar taya zuwa wajen rabin ta kwalta, domin tayar ta baje ta hau bisa maimakon ta tona. Amma da irin wannan iska ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, in ba haka ba taya ta fita daga rim. Da an fito kan duwatsu a mayar da iskar, don dutse yana yanka gefen taya mai laushi. In mota ta kafe, direba ya ɗage ƙafa daga totur. Ci gaba da takawa sai dai ta nutse har ciki. A tone gaban tayoyin, a shimfiɗa faranti, a fita a hankali. Rairayi ya fi ƙarfi da sassafe kafin rana ta gasa shi, kuma a cikinsa mota na iya shan ninkin man da take sha a kwalta. A Namibiya ma haka: daga ƙauyen Sesriem zuwa tuddan rairayi na Sossusvlei kwalta ce kimanin kilomita 60, sai kilomita 5 na ƙarshe na rairayi inda baƙi ke kafewa saboda sun ƙi rage iska.

Zango kuma kada a yi shi cikin kori, duk kyan inuwarsa. Ruwan da ya sauka kan dutse nesa, wanda ba ku ga ko hadarinsa ba, yana iya taho da ambaliya cikin dare. A tanadi bargo mai kauri, don a Disamba da Janairu dare na kusan daskarar da ruwa. A kaɗe takalmi kafin a saka saboda kunama. Rawani ya fi hula amfani, yana kare wuya da hanci daga rana da ƙura.

Wanda ya nufi hamadar Atakama ta ƙasar Chile, tasa matsalar daban ce: tsayi. Garin San Pedro yana kan mita 2,400, maɓuɓɓugan ruwan zafi na El Tatio sun haura mita 4,200. Ya kwana biyu a garin tukuna jikinsa ya saba.

Game da jagora, GPS na nuna inda kake ne kawai, ba ya gaya maka inda rairayi ke haɗiye mota ko wace hanya ce jama'a suka daina bi. Ku ɗauki ɗan ƙasa mai rajista, ku tafi da wayar tauraron ɗan'adam, bayan kun bincika dokar ƙasar, don wasu ƙasashe sai da izini ake riƙe ta. Ku bar wa wani a gari hanyarku da ranar dawowarku a rubuce. Idan motoci suka lalace, kowa ya zauna wurinsu, a kafa rumfa, a rage motsi da rana. Masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutumin da ya kama tafiya da ƙafa.